Wa Ya Ƙara wa Hanyar Makka Tsawo?

Ga kacici-kacici. Mutum biyu, taubasai, ɗaya a Kurfi ɗaya a Dutsin-Ma. Na Kurfi ya sauke farali a 2022, na Dutsin-Ma a 2023. Fili ɗaya suka tashi, filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Gari ɗaya suka nufa. Na Kurfi ya ce awa huɗu da rabi ya yi a sama. Na Dutsin-Ma ya ce shi shida da rabi ya yi, har ƙafafunsa suka kumbura a cikin silifa. Katsina ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda aka bar ta, kuma a cikinsu babu maƙaryaci. To, awa biyun nan daga ina suka fito?

Ba ni na ƙaga gardamar ba. A teburin wani mai shayi na tsince ta a Dutsin-Ma, bayan isha'i, inda alhazan biyu suke ta yi wa juna tsiya irin ta ɗan mace da ɗan namiji, wadda ba ta da ranar ƙarewa.

"Alhaji, tsoro ne ya ja maka lokaci," in ji na Kurfi. "Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi akori-kura tsawo ba, an ɗaga shi sama, ai dole ya ga rana ta ƙi tafiya."

"Kai dai Alhaji barci ka sha," in ji na Dutsin-Ma. "Tun muna yara ko a kan jaki barci kake. Wa zai tambayi mai barci tsawon hanya?"

Teburi ya ɗauki dariya, aka so a bar ta a haka. Bayani ne mai daɗi, kuma da ƙamshin gaskiya a ciki, don wanda ya ƙanƙame hannun kujera yana karanta duk addu'ar da ya sani, minti goma ma yini ce a wurinsa. Sai dai na Dutsin-Ma tsohon malamin makaranta ne, irin mutanen nan da ko kuɗin cefane sai sun rubuta. Ya zura hannu a aljihun gaba ya zaro wani ɗan littafi da gefensa ya yi baƙi don yawan shafa, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya turo mini ƙarƙashin fitila. Tashi: 9:40 na safe. Sauka: 4:10 na yamma. Biro dai ba ya jin tsoro.

Kafin a nemi ɓarawo, sai an san abin da aka sata, don haka da awo za mu fara. In ka ja layi miƙaƙƙe daga Katsina zuwa Jidda, kilomita 3,500 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Jirgin fasinja na zamani, in ya gama hawa ya daidaita, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba wancan da wannan, ka samu awa huɗu. Ƙara lokacin hawa da na sauka, da 'yar karkacewar da hanyoyin sama suke yi, ka tashi da huɗu da rabi. Lissafin na Kurfi ya fita tsaf ke nan, barci ko ba barci.

Malam ne abin tuhuma. Duba mana: daga Abuja zuwa Riyad, babban birnin Saudiyya, wanda yake can ciki nesa da bakin teku, kilomita 4,500 ne. Daga Abuja zuwa Landan kusan 4,800, kuma jirgin da ke tafiya kai tsaye awa shida da 'yan mintoci yake yi. Wato zaman da malam ya yi a kujera ya ishe shi ya sauka Ingila har ya fara neman rigar sanyi. Amma Jidda ya sauka. Kilomita kusan 2,000 sun shiga tafiyarsa ba wanda ya gan su. Wani ne ya zuba su. Wa?

Mai shayi ne ya fara jefa nasa, yana fifita murhu. "Ranka ya daɗe, ba ɗaya Jidda ya sauka ɗaya Madina ba?" Tambaya ce ta mai hankali, don jiragen alhazanmu a garuruwan biyu duka suke sauka. Amma alhazan sun haɗa baki, abin da ba su saba ba, cewa Jidda suka sauka. Ko da ma Madina ce, daga Katsina kilomita 3,600 ne. Bambancin tafiyar minti goma ce a jirgi. Mai shayi ya koma kan murhunsa.

Wani makanike ya ce inji ne ya gaji. Ya san abin da yake faɗa a kan tasa sana'ar, amma jirgin da injinsa ya gaji ba rage gudu yake yi ba, zama yake yi a ƙasa. Abin da za a iya dubawa shi ne irin jirgin. Boeing 747, ƙaton nan mai ƙusumbi da kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya daɗe yana jigilar alhazai da shi, yana cikin masu sauri, kilomita 900 da ɗoriya a awa. Airbus A330 yana bin bayansa da kaɗan. Ƙaramin Boeing 737 yana wajajen 830. Ka ɗauki mafi sauri da mafi nawa ka sa su tsere daga Katsina zuwa Jidda, ratar da za ta shiga tsakaninsu ba ta kai rabin awa ba. Muna neman awa biyu, an ba mu minti ashirin.

Wani daga can ƙarshen benci ya ce kaya ne: garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka da daddawa, duk abin da maniyyaci ke cusawa a jaka don kada abincin Larabawa ya kayar da shi. Nauyi mai yake ƙara wa jirgi sha, ba ya ƙara masa awa. Kuma alhazan 2022 ma ba da azumi suka tafi ba.

Sai wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya gyara zama. Daga yadda ya aje kofi ka san ya zo da babba. Ya ce duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka jirgin da ya nufi gabas bin Jidda yake yi tana gudunsa. Na ji daɗin wannan, har na so a ce gaskiya ce. Amma iskar da jirgi ke iyo a cikinta tare da duniyar take juyawa, jirgin ma tun yana ƙasa yake cikin juyin. Ban da haka, duniya ba a 2023 ta fara juyawa ba.

Yaron bai karaya ba. Ya ce to iska. Nan kam ya taɓo abu mai nauyi. Can sama, inda jirage ke bi, akwai iskoki masu gudun gaske. Wadda ke kaɗawa a kan tekun Atlantika daga yamma zuwa gabas ita ce ke sa tafiya daga Landan zuwa New York ta fi dawowa tsawo da wajen awa guda. A watan Fabrairu na 2020 wata guguwa ta turo wani 747 na British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, hanyar da aka saba yi cikin shida da wani abu. Mu ma muna da tamu: da damina akwai iskar da ke tasowa daga wajajen Indiya ta ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma, kuma mai zuwa Jidda gaba da gaba yake yi da ita. Sai dai alhazan nan biyu duk a bakin damina suka tashi, wata ɗaya kusan, shekara ce kawai ta bambanta. Iskar da ta tare wannan ta tare wancan. Kuma ba ta da ƙarfin cin awa biyu a tafiyar awa huɗu.

Aka yi shiru. Sai ɗalibin ya sake jawo littafin, ya ƙura masa ido, ya buga cinya.

"Baba, na kama shi! Agogo ne!"

Ku saurara da kyau, don wannan ita ce amsar da ta fi kowace kyau. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu cif. In ƙarfe 12 ta yi a Kurfi, ƙarfe 2 ce a Makka. To, a ce jirgi ya tashi 9:40 na safe agogon Katsina, ya yi awa huɗu da rabi kamar kowa. Zai sauka 2:10 agogon gida. Ƙarfe nawa ke nan a bangon filin jirgin Jidda? 4:10. Ga shi nan a littafi, baƙi a kan fari, ko minti ɗaya bai kauce ba. Malam ya rubuta tashi da agogon gida, ya rubuta sauka da agogon Larabawa, ya ɗebe wannan daga wancan, ya haifi awa biyun da ba a taɓa yi ba. Wannan tarko yana kama matafiya kullum, don tikitin jirgi ma haka ake rubuta shi, kowane gari da agogonsa. Awa biyu muke nema, awa biyu muka samu. Na Kurfi har ya miƙe tsaye yana gyara babbar riga, yana cewa a kawo wa kowa shayi a kan malam.

Malam bai ce komai ba. Ya naɗe hannun riga. Wani tsohon Casio ne a wuyan hannunsa, robarsa ta tsage an ɗaure da zare.

"Wannan agogon," in ji shi, "ban taɓa shi ba tun daga nan har na dawo. Da shi nake sanin lokacin da zan kira gida ban tashi kowa daga barci ba. Da shi na rubuta tashi. Da shi na rubuta sauka."

Ya juya shafi. Dawowa. In da ruɗin agogo ne, a dawowa ragewa zai yi, tafiyar ta koma kamar awa biyu da rabi. In da iska ce, abin da ta ci a zuwa sai ta biya a dawowa. Na duba. Shida da rabi, har da 'yan mintoci a kai.

Na Kurfi ya zauna.

"Kun tsaya shan mai a hanya?"

"Ko ɗaya."

"Kun yi ta shawagi a kan Jidda kuna jiran layi?"

"Muna zuwa muka sauka."

Jirgi lafiya. Agogo lafiya. Iska ba ta da laifi. Gudu bai ragu ba, lokaci ya ƙaru. Abu ɗaya ya rage. Na tambayi na Kurfi abin da ya gani ta taga.

"Rairayi," in ji shi. "Ja wur, ba iyaka, har ido ya gaji. Can sai ga wani kogi da kore a bakinsa biyu, aka ce Nilu ne. Sai rairayi kuma. Sai teku." Ashe ba duka ya yi barci ba.

Na juya wurin malam.

"Ni ban ga rairayi ba. Gajimare na gani. In ya buɗe, kore shar, daji ba iyaka. Can gaba manyan duwatsu. Sai daf da ƙarshe ƙasa ta bushe, muka hau kan teku."

Daji? Tsakanin Katsina da Jidda? A wace taswirar?

Wani direba ne, mai jigila tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, wanda tun ɗazu bai tanka ba, ya ce: "Malam, ni ban yi boko ba. Amma daga nan zuwa Katsina ta Kurfi, awa guda na kai. Ranar da aka ce hanyar ba ta biyuwa, ta Kankiya nake zagawa, in hau titin Kano, in bi ta Charanci. Motar ita ce, direban shi ne, Katsina tana inda take. Mai ne ke ƙaruwa, da kuɗin mota. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara."

Mutanen wannan yanki ba sai an yi musu dogon bayani a kan rufe hanya ba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Amma wannan a ƙasa ne, inda ake gitta itace da ganga. Sama fa? Wa ke da itacen da zai gitta a sama?

Ƙa'idar kacici-kacici, in an gaza, sai a ba mai shi gari kafin ya faɗi amsa. To, ku ba ni gari. Ba na son Kano. Ba na son Legas. Garin da nake so shi ne amsar.

Khartum.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a babban birnin Sudan tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Filin jirgin saman Khartum, wanda yake tsakiyar gari, yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Wani A330 na kamfanin Saudia yana shirin tashi zuwa Riyad, da fasinja a ciki, harsasai suka same shi. Jirage suka ƙone a inda suke a fake. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Kwana 40 bayan haka, ranar 25 ga Mayu, jirgin farko na maniyyatan Nijeriya ya tashi daga Abuja.

Yanzu ga yadda ake gitta itace a sama. Mu da muke ƙasa gani muke sama fili ce fetal, kowa ya bi inda ya ga dama. Ba haka take ba. Bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da samaniyar da ke kanta, kuma an yanka sama gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da masu kula da ita, suna zaune gaban na'ura da rediyo a kunne. Gunduwar Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano matuƙan duniya suka san ta. Kafin yaƙin, jirgin da ya tashi daga Katsina, Kano ce ke riƙe da shi, ta miƙa shi ga Njamena, Njamena ta miƙa wa Khartum, Khartum ta miƙa wa Jidda. Su ne ke cewa kai hau nan, kai tsaya can, don jirage biyu suna iya giftawa da ratar ƙafa 1,000 kacal tsakanin na sama da na ƙasa, kowanne yana gudun kilomita 900. Ranar da matuƙi ya kira Khartum ba a amsa ba, hanya ta yanke. Ba a bukatar katanga.

Ko da wani mai ƙarfin hali zai ce a rufe ido a ratsa, akwai abin da ke hana shi. A watan Yuli na 2014 an harbo jirgin Maleshiya a kan gabashin Yukren, yana tafiyarsa can sama a kan ƙasar da ake yaƙi, mutum 298 suka mutu. Tun daga nan kamfanonin inshora ba sa wasa da samaniyar da ake harbi a ƙarƙashinta, kuma jirgin da ba shi da inshora ba ya barin ƙasa.

Malam ya aika yaro gida ya ɗauko taswirar duniya mai siffar ƙwallo, wadda ya yi ritaya da ita, fentinta duk ya koɗe a wajen Turai. Muka sami zare. Ya danne bakinsa a kan Katsina, na ja shi zuwa Jidda. Zaren ya shafi kudancin Nijar, ya ratsa Chadi, ya kwanta a kan Sudan tun daga iyakar Darfur har bakin Bahar Maliya. Ga rairayin na Kurfi, ga Nilunsa. Sai direba ya ɗora tafin hannunsa a kan Sudan, ya ce to a wuce.

Sudan ba ƙaramar ƙasa ba ce da za a ɗan kauce mata. Ta ninka Nijeriya sau biyu a faɗi, ita ce ta uku a Afirka bayan Aljeriya da Kwango. Kuma hannun direban bai ma rufe duka ba. Sudan ta Kudu ta ɓalle tun 2011, tana da tutarta da shugabanta a Juba, amma samaniyarta ta can sama, daga ƙafa 24,500 zuwa abin da ya yi sama, inda manyan jirage ke bi, a lokacin daga Khartum ake kula da ita. Da Khartum ta yi shiru, matsalar ta gangara har can. Daga iyakar Masar zuwa iyakar Yuganda, wajen kilomita 2,000, a gicciye daidai kan hanyar alhazan Afirka ta Yamma.

Muka gwada zaren ta arewa. Libiya ce a can, wadda kamfanoni da yawa suke kauce wa samaniyarta tun rikicin 2014. Muka gwada ta kudu. Zaren ya gangara Kamaru, ya ratsa Afirka ta Tsakiya, ya kai wajajen Yuganda da arewacin Kenya, sannan ya yi kwana ya haura Habasha, ya fita Bahar Maliya ta wajen Eritiriya, ya miƙe arewa zuwa Jidda. Ga dajin malam. Ga duwatsunsa, tsaunukan Habasha ne. Zaren da muka yanka da farko bai kai ba, sai da aka ƙulla masa wani. In ka auna wannan baka, kilomita 5,500 ne ko kusa da haka. Cire 3,500. Ga kilomita 2,000 da muke nema tun farko. Ga awa biyu.

Na Kurfi ya daɗe yana kallon ƙullin zaren. "Wato Alhaji," in ji shi, "har Kenya ka je ba ka kawo mini tsaraba ba?"

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsufan hanyar da aka toshe. Ita ce dai hanyar kakanni: Kano, Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, a haye Nilu, a kai Sawakin a bakin teku a jira jirgin ruwa. Da ƙafa da jaki, ana tafe ana noma ana ƙwadago, shekaru kafin a kai, wasu kuma ba su ƙarasa ba, su ne jikokinsu suke Sudan har gobe suna jin Hausa, a garuruwa irin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, a Nuwamba 1925, guda uku na sojan Ingila, daga Masar suka taso suka biyo ta Khartum da El Fasher da Maiduguri. Jirgi bai ƙirƙiri sabuwar hanya ba, ta ƙasa ya ɗaga sama. Zagaye ma ba malam ne Bakatsinen farko da ya yi shi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da zai je hajji a 1921, ta Legas ya bi a jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, sannan ya nufi Jidda.

Direba ya ce in hanya ta ƙaru kuɗin mota na ƙaruwa, kuma a sama ma haka aka yi. 747 yana shan wajen tan 10 na mai a kowace awa. Awa biyu tan 20 ke nan a zuwa, wani 20 a komowa, don jirgin da ya kai maniyyata dawowa yake yi ya ɗauki wani sahu. Kowace ƙasa da ka ratsa samaniyarta kuma kuɗi take karɓa, ga shi ƙasashen sun ƙaru. Matuƙa da ma'aikata suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki. Shi ya sa a farkon Mayu, da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta kira kamfanoni su sa hannu a yarjejeniyar jigila, kamfanonin gida huɗu, Max Air da Air Peace da Azman da Aero Contractors, suka ƙi, sai Flynas na Saudiyya ne ya sa. An riga an yanka kuɗin kujera, kusan naira miliyan uku, da lissafin hanyar Sudan. Daga baya aka daidaita a kan ƙarin dala 250 a kowace kujera. Aka rarraba nauyin, dala 100 ta faɗo a kan maniyyaci, aka cire ta daga guzurinsa.

Na tambayi malam ko ya tuna. Ya koma shafin farko na littafin. An rubuta 800, an soke da layi biyu, an rubuta 700 a gefe. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: "An ce saboda Sudan." Amsar tana aljihunsa tun kafin ya hau jirgi, shafi uku kacal tsakaninta da tambayar. Ya san yaƙin ya ci masa dala 100. Bai taɓa kawowa a ransa shi ne ya kumbura masa ƙafa ba.

Shekarar ba ta gama da sama ba. Alhazai ba su daɗe da gama dawowa ba sai abin ya matso ƙofar gida. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar, Mohamed Bazoum, a Yamai ranar 26 ga Yuli, kuma ranar 6 ga Agusta, da wa'adin da ECOWAS ta ba su ya cika, suka rufe samaniyar Nijar. Layin Abuja zuwa Landan ba nesa da samanmu yake bi ba, ya shiga ta wajen Maraɗi ya haura hamada zuwa Aljeriya. A lokacin ga Nijar a rufe, ga Libiya ana gudunta, ga Sudan ana yaƙi. Jiragen da ke tsakanin Turai da Abuja, da Legas, har da masu zuwa Afirka ta Kudu, suka koma dogon zagaye, wasu da labarin ya riske su a sama suka juya inda suka fito. Wata guda aka yi a haka, Nijar ta buɗe ranar 4 ga Satumba. Filin jirgin Khartum kuwa, sojojin Burhan ba su ƙwato shi ba sai a watan Maris na 2025.